Gudu a Bauchi ko a tsaunin Mambila?

Mai gudun asuba a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi yana shaƙar iska wadatacciya. Tsokarsa na ƙona oksijin, tana fitar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Amma in gudun na yau da gobe ne, jiki kan ƙara ƙarfin garkuwarsa.

A Mambila kuwa, mai tsayin sama da mita 1,500, iska ta yi shara-shara. Ƙoda sai ta sa a ƙara jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar oksijin, ribar da 'yan gudun Habasha da Kenya ke ci ke nan. Sai dai tsatsar ta fi yawa a can, ga ƙarancin oksijin ga wahalar gudu. Ni dai a ganina, baƙon tsauni gara ya fara da tafiya a kwanakin farko.