Sharhi: Toyota Sienna a ƙaura daga Legas zuwa Kano, da neman kayan gyaranta a Arewa

Ga mai iyalin da aiki ko kasuwa ta tayar da shi daga Legas zuwa Kano, yake kuma son ya tuƙo motarsa da kansa, Toyota Sienna ƙirar 2004 zuwa 2010 ta ci yabon da ake yi mata. Bayan amfani da ita a kan wannan hanya da kuma zama da ita a Kano, abin da na fi yaba mata shi ne kusan duk babban garin da ka sauka akwai bakaniken da ya san cikinta, akwai kuma kayanta a kasuwa. Direbobin haya na Kano zuwa Abuja da Kaduna sun daɗe suna mora ta, su ne suka sa 'yan kasuwa ajiye kayanta. Sai dai inda kaya suka yi yawa, nan jabu ke yawa, kuma Sienna ta waɗannan shekaru iri biyu ce a cikin jiki ɗaya. Wanda bai san wacce yake riƙe da ita ba zai sha sayen abin da ba nata ba.

'Yar 2004 zuwa 2006 injinta 3MZ-FE ne mai lita 3.3, kuma bel ne ke juya taimin ɗinsa. 'Yar 2007 zuwa 2010 kuwa 2GR-FE ne mai lita 3.5, da sarƙa. Kada ka dogara da abin da dillali ya faɗa maka, domin ana sauya fitilu da bamba a mayar da tsohuwa sabuwa. Duba lambar bodi mai harafi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Tana farawa da 5TD, harafi na goma kuma shi ne shekarar ƙira: 4 na nufin 2004, haka har 9, sannan A na nufin 2010. Ka ɗauki hoton lambar nan a waya, domin da ita za ka riƙa sayen kaya.

Bambancin ya shafi aljihu kai tsaye. Mai bel tana shan bakin mai kamar lita 4.7, matatarta ta ƙarfe ce da ake murɗawa. Mai sarƙa tana shan kamar lita 6.1, matatarta takarda ce da ake sakawa cikin gida. Dukkansu 5W-30 kamfani ya rubuta musu. Man giya ma ba ɗaya ba ne: ta farko T-IV, ta biyu WS, kuma yawanci a rubuce yake a jikin sandar gwajin man. Ga doguwar tafiya na fi son mai sarƙa, don ta ɗauke maka fargabar tsinkewar bel. Amma mai bel ta fi sauƙin gyara da arhar kaya, idan dai an san ranar da aka canja bel ɗin. Ƙa'idarsa mil 90,000 ce, kimanin kilomita 145,000. Motar da ta shigo ta hannu babu takardar tarihi, a ɗauka ba a taɓa canjawa ba, a canja shi tare da famfon ruwa da tenshina da boris-boris ɗinsa a zama ɗaya. Idan ya tsinke ana gudu, bawul na iya haɗuwa da fistin, daga nan kuma sai maganar sauke inji a bakin hanya. Ita ma mai sarƙa tana da nata rauni: bututun bakin mai na VVT-i, wato tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, yana da guntun roba a tsakiya da kan fashe ya zubar da man inji cikin mintuna. Kamfanin ya fitar da na ƙarfe zalla daga baya. A leƙa a gani, idan na roba ne a canja kafin a tashi.

Duk wannan aiki a yi shi mako ɗaya ko biyu kafin tafiya, a yi ta yawo da motar cikin gari. Kulif ɗin da aka manta ba a ɗaure ba, ko iskar da ta maƙale a lagireto, gara ta nuna kanta a Ikeja da ta bari sai tsakanin Owo da Okene.

Wajen lodi, cikinta na ruɗin mutum. Kujerun baya suna nutsewa cikin rami, na tsakiya suna fita gaba ɗaya, sai ka ga fili kamar ɗaki. Nauyin da aka yarje mata kuwa yana rubuce a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, kuma a yawancinsu bai wuce kilo 500 zuwa 650 ba, har da mutanen ciki. Manya huɗu kaɗai sun kusa cinye rabi. Ƙarfen saman rufi kilo 68 ne iyakarsa, wato katifa da 'yan buhunan tufafi. Janareto, buhun shinkafa, kwalayen littattafai da tukwanen ƙarfe su zauna a ƙasa, a tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure su. Firji da gado da kujeru a ba motar kaya. A nan ne babban aibin motar yake: tsakaninta da ƙasa kamar santimita 17 ne ba kaya, da an loda ta sai baya ya zauna, salansa ta riƙa dukan kowane tudun rage gudu, shokazoba ta baya ta gaji kafin a kai Lokoja. Ka tsaya a gefe ka dube ta bayan lodi. Idan saman tayar baya ya fara shigewa cikin bodi, rage kaya.

Taya 215/65R16 ce a kan yawancinsu, 225/60R17 a kan manyan. Iska PSI 35, a auna da sassafe kafin taya ta yi zafi, da gejinka na kanka. Tayar da aka cika mata iska har 50 don wai an yi lodi ba ta riƙe titi, kuma rami ɗaya ke kumbura mata gefe. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319, misali, mako na 23 ne na shekarar 2019. Tsohuwar taya mai kyan zane ita ke fashewa a kwalta mai zafi. Safaya kuwa tana rataye a ƙarƙashin mota ta ɓangaren ƙofar dama mai zamewa, da igiyar ƙarfe. A 2010 Toyota ta yi kiranyen Sienna a Amurka saboda tsatsar wannan igiya a jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, kuma daga can da yawan namu suka fito. Ka sauke safayar a gida, ka ga igiyar na sauka na hawa, ka shafa mata giris, ka auna iskar. Mai AWD, wato wadda inji ke juya tayoyinta huɗu duka, ba ta zo da safaya ba sam, ga ƙarin shaf da ƙarin shan mai. Ba na ba mai ƙaura shawarar ta.

Hanya biyu ce. Ta Ilorin, Jebba da Mokwa ta fi gajarta, amma tireloli da tankoki sun yi mata yawa, ɓangaren Birnin Gwari kuma ya daɗe da matsalar tsaro. Ta Ibadan, Ife, Akure, Owo, Okene, Lokoja, Abuja, Kaduna, Zariya zuwa Kano ta kai kimanin kilomita 1,200, kuma ita na fi so saboda garuruwa da garejoji sun fi kusa da juna. Da lodi da AC motar na shan kamar lita 12 a kowane kilomita 100, wato lita 140 zuwa 150 ke nan, tankinta kuma lita 79 ne. Kada ka bari mai ya sauka ƙasa da kwata, domin famfon mai a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. A raba tafiyar kwana biyu, a kwana Lokoja ko Abuja, ba tafiyar dare. Mai tafiya a Satumba ko Oktoba ya tambayi direbobin tasha halin Koton-Karfe, tsakanin Lokoja da Abuja, domin ambaliyar 2012 da ta 2022 duk sun datse hanyar. A gangaren duwatsun Akoko da Okene a mayar da giya 3, inji ya taya riƙe motar. Danne birki tun daga sama har ƙasa da mota mai nauyi na tafasa man birki, feda ta yi laushi a daidai lokacin da ake bukatarta.

Takardu su kasance a jaka ɗaya kusa da hannu: lasisin tuƙi, takardar mota, inshora, takardar lafiyar mota, shaidar mallaka, takardar kwastan, da izinin baƙin gilashi idan akwai. Abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku kada a binne su a ƙarƙashin katifa. Rasit ɗin talabijin da janareto ma na rage dogon bayani a shingen bincike.

Akwai abubuwan da ya fi kyau a saya tun a Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas, a taho da su, saboda a ƙaramin gari samun na kirki sai an dace: kwayil guda ɗaya, bel na waje mai juya altaneta, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, murfin lagireto, fis iri-iri, lita huɗu na ruwan sanyaya inji mai ruwan hoda, da lita ɗaya ta man giyar da ta dace. Ƙaramar na'urar OBD2 mai karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota, da ke haɗuwa da waya, ba ta da tsada, kuma takan raba gardama. P0301 zuwa P0306 na nuna silindar da ba ta ƙona mai, lambar ƙarshe ita ce silindar. Kwayil uku na gaba a fili suke, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da kowanne. Uku na baya sai an ɗaga manifol, don haka duk ranar da aka buɗe wurin a canja fulogi duka da na iridiyam na Denso ko NGK, kada a biya kuɗin aiki sau biyu. Idan abu ya faru a hanya, akwai kasuwar Agodi Gate a Ibadan, Apo da Zuba a Abuja, Panteka a Kaduna.

A Kano kuwa Kofar Ruwa ce matattara, sabo da na Beljiyam, sai shagunan Sabon Gari. Abin da ke sauƙaƙa nema shi ne injin Sienna ba nata ne ita kaɗai ba. 3MZ-FE na cikin Lexus RX330 da ES330 da Highlander ta zamanin. 2GR-FE na cikin Camry mai silinda shida ta 2007 zuwa 2017, Avalon, Venza, RX350. Idan aka ce maka babu kwayil ko famfon ruwan Sienna, tambayi na waɗannan, ka haɗa lambar da ke jiki. Amma wannan a kan inji ne kawai. Kayan ƙafa, shaf, lagireto da kujerar inji nata ne daban, kada a lallaɓe ka da na Camry a ce za a ɗan gyara rami ya shiga.

Je kasuwa da tsohon kayan a leda. Ajiye shi kusa da wanda aka miƙo maka a kan kanta, ka ƙirga ramukan ƙusa, ka ƙirga haƙoran soket, ka ɗaga su biyu a hannu. Na gaske ya fi nauyi, rubutun jikinsa a nutse yake cikin ƙarfe ko roba, ba fenti ba ne da farce zai kankare. Kwali ba hujja ba ne, bugawa ake yi. A ganina kwayil, altaneta, kik, nozul da sensa gara na Beljiyam da aka ciro daga mota a kan sabo maras suna. Bel, roba, birki fad, boris da famfon ruwa kuwa sabo ake saya, Aisin ko Koyo ko Mitsuboshi. Ka yi ciniki a kan garanti kafin kuɗi, kwana uku ko mako, mai shago ya sa alamar fenti a jikin kayan ya rubuta a rasit. Abin da ya fi wuyar samu mai kyau shi ne igiyar ƙofa mai buɗe kanta. Idan ta tsinke, akwai maɓallin kashe lantarkin ƙofar kusa da sitiyari, a kashe a riƙa ja da hannu har a sami ta kirki.

Bakanike kuma, tasha ce wurin tambaya. Direban da ke kai Sienna Abuja ya dawo ya san wanda ke taɓa giyarta da wanda ke kashe ta. Fara gwada sabon gareji da ƙaramin aiki, juyen mai ko birki, ka tsaya a wurin. Duba ko ya auna man da ya zuba, ko ya sa sabuwar roba a murfin matata, ko ya miƙo maka tsohon kayan ba ka tambaya ba. Garejin da ke ƙarƙashin ƙungiyar kanikawa ta NATA na da shugabannin da za a kai wa ƙara idan an sami saɓani. Sannan akwai shawarar da kusan tabbas za a ba ka da zafin Maris zuwa Mayu ya haura digiri 40: a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan famfo. Kada ka yarda. Tamostat na buɗewa a wajen digiri 82 don inji ya zauna a zafin da kwamfutarsa ta sani. Aka cire shi, mai zai ƙaru, fanka za ta ƙone da wuri, ruwan rijiya ko burtsatse kuma ya toshe ƙwayoyin lagireto da gishiri. Sienna mai zafi, a duba tankin roba na lagireto ko ya tsage, a duba murfi, a wanke ƙurar da ta cushe tsakanin lagireto da na AC, a kuma bi bututun hita da suka nufi bayan mota, don su ma sukan yi yoyo ba a lura ba.

Ƙurar hunturu na sauya lissafin sabis ɗin da aka saba da shi a Legas. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a buɗe matatar iska duk mako biyu a ɗaga ta a rana, idan haske ba ya ratsa ta a canja. Busa ta da iskar mai faci na yaga takardar ne, ƙura ta wuce ciki. Ƙurar da ta zauna a kan sensar iska da ke bayan matatar kan kawo P0171 da P0174, mota ta riƙa rawa a tsaye. Ƙusa biyu ce ke riƙe da sensar, a fesa mata maganin wanke sensa, a bar ta ta bushe, kada a taɓa siririn wayar da tsumma. Man giya kuma bayan irin wannan tafiya da lodi, a ɗiga shi a farar takarda: ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙaurin ƙuna a juye ta ƙasa a zuba daidai adadin da ya fita, yawanci lita uku da rabi zuwa huɗu, a maimaita bayan 'yan makonni.