Littafin Swinnen na koyon Python: ra'ayina bayan na yi aiki da shi

Duk wanda ya tambaye ni littafin da zai fara koyon rubuta manhaja da shi a nan Damagaram, amsata guda ce: Apprendre à programmer avec Python 3 na Gérard Swinnen, wanda ke koyar da Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja. Na karanta shi, na yi atisayen da ke ciki, yanzu ma da shi nake koya wa ƙanena da abokansa ƴan lise.

Marubucin malamin sakandare ne a Beljiyam, kuma don ɗalibansa ya rubuta littafin. Da ka fara karatu za ka ji hannun malami. Ba ya ɗauka ka san komai, ba ya kuma gaggawa da kai. Sai ya nuna maka yadda kwamfuta ke ajiye lamba da suna, ya tabbatar ka riƙe, kafin ya kai ka ga sa ta maimaita aiki. Ga shi da Faransanci, harshen da muka yi lakkwal da shi. Akwai littattafai masu kyau na Ingilishi, irin na Al Sweigart da ya fito a 2015, amma yaron da bai zauna da Ingilishi ba zai raba hankalinsa tsakanin ƙamus da darasi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne atisayen. Tun a surorin farko za a ce ka rubuta abin da zai jero lissafin ninkin 7, ko wanda zai karɓi daƙiƙoƙi ya mai da su shekaru da watanni da kwanaki. Da ido kamar wasa, amma a nan ne kai yake buɗewa, domin sai ka fahimci rabawa da ragowar rabawa kafin ka wuce. Akwai wani atisaye na canjin kuɗi tsakanin yuro da dalar Kanada. Mu nan me ya haɗa mu da dalar Kanada? Sai na juya wa yaran shi zuwa sefa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, shi ya sa aka rubuta shi cikin manhajar sau ɗaya. Naira kuwa kullum da farashinta a wajen ƴan canji, dole manhajar ta riƙa tambayar farashin ranar. Da wannan kaɗai suka gane bambancin abin da ake kafewa da abin da ake tambayar mai amfani. Amsoshin atisayen suna ƙarshen littafin, sai dai ina hana su leƙawa sai sun sha wuya tukuna.

Kuɗi ma ba matsala ba ne. Kamfanin Eyrolles na Faransa yana sayar da na takarda, amma marubucin ya saki littafin kyauta a intanet da lasisin Creative Commons, saboda haka sauke shi halal ne. Sau ɗaya za ka sa kuɗin intanet, shi ke nan. Na buga nawa a wani shagon fotokofi aka ɗinke mini. In bazara ta yi, kuran yana ta ɗaukewa, sai mu rubuta amsa a takarda da biro, daga baya mu gwada a salula da manhajar Pydroid 3. Rubutun takardar nan yana da amfani ƙwarai, yana tilasta wa yaro ya bi layi bayan layi da tunaninsa kafin na'ura ta gaya masa inda ya kauce.

A yi hattara da abu ɗaya. Tsohon bugu na Python 2 yana yawo a wayoyin mutane, ana ta turawa juna. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020. A tsohon, umarnin print, mai fito da rubutu a allo, ba ya buƙatar baka, kuma 7/2 yana ba da 3. A Python 3 dole a sa baka, amsar kuma 3.5 ce. Sabon shiga ba zai san laifin littafi ne ba, zai ɗauka kansa ne ba ya ja, ya ajiye karatun. Ka duba sunan, in babu 3 a ƙarshe kada ka buga.

Shi ma na 3 ɗin ya kwana biyu, bugun 2012 ne. Hanyar haɗa rubutu da lamba mai sauƙi da ta shigo da Python 3.6 a 2016 ba ta ciki. Surar gina shafin intanet da CherryPy aka yi ta, alhali yau Django da Flask aka fi nema, ni kam tsallake ta nake yi. Surorin Tkinter na zane da maɓallai kuwa har yanzu suna aiki, yara ma sun fi son su.

Littafin ya haura shafi 400, buga shi duka zai ci jikkuna. In aljihu bai kai ba, ka buga daga farko zuwa surorin Tkinter da na class (hanyar tara bayanai da ayyukansu wuri guda), ka haɗa da amsoshinsu, sauran ka bar su a salula.