Duke Ellington ko Count Basie: da wa za a fara?

Duk mai son shiga duniyar jazz ta manyan ƙungiyoyin makaɗa, waɗannan biyun zai fara cin karo da su. Dukansu baƙaƙen fata ne 'yan Amurka, masu kaɗa fiyano, amma hanyarsu ta sha bamban.

An haifi Ellington a Washington a 1899. Sunansa ya yi tashe daga 1927, lokacin da ƙungiyarsa ta kama aiki a gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Harlem a birnin New York, ana watsa wasansu ta rediyo. Abin da ya fi burge ni da shi, yakan tsara kiɗa ne don takamaiman mutum, kamar yadda tela ke auna riga. Cikin masu busa saksofon na ƙungiyarsa, ya san irin sanyin busar Johnny Hodges, ya san nauyin ta Harry Carney, wanda ya yi fiye da shekara 45 tare da shi. Ya kuma taka ƙasar Afirka: ya yi wasa a Dakar a 1966.

Basie, wanda aka haifa a 1904, a Kansas City ya kafa tasa ƙungiyar. Shi gwanin taƙaitawa ne, ya ɗan taɓa fiyano ya bar gitar makaɗinsa Freddie Green da ganguna su ja ragama. Kiɗansa na sa ƙafa motsi tun kafin ka ankara.

Mai neman rawa ya fara da Basie. Ni kam Ellington nake komawa gare shi da daddare, don kullum sai na ji wata busa da ta wuce ni jiya.