Minti bakwai kacal na makara, aka garƙame min ƙofa a birnin Hamburg na Jamus

Jama'a ranar Asabar na sha kunya. Wata abokiyar aikina ce ta ba ni tikitin wasan kiɗa, an rubuta ƙarfe 8, ni kuwa da lissafin gida a kaina na ce ai kafin su gama gwada lasifika tara ta yi. Takwas da minti bakwai na iso, ƙofa a garƙame. Dattijuwar da ke tsaron ƙofar ta ce in jira sai makaɗa sun kai gaɓa, na nuna tikiti, na marairaice na ce daga nesa nake, ko a jikinta, sai murmushi. Ga shi na riga na biya yuro 2 don a rataye min rigar sanyi, ratayewa fa kawai! Haka na tsaya kamar ɗan firamaren da ya yi latti yana jiran bulalar hedimasta.

Amma da na shiga wallahi haushin ya tafi. Tatsuniya ce ashe, ta wani yaro Peter da kyarkeci, wadda Prokofiev ɗan Rasha ya yi wa kiɗa a 1936, kowace dabba da abin busarta. Su kuma waɗannan makaɗan sun juye ta zuwa salon kiɗan jaz, mai busa saksofon ne kyanwa, yana saɗaɗawa yana lanƙwasa sauti yadda ransa ya so, wani mutum na gefe yana ba da labarin da baki. Jamusancina bai taka kara ya karya ba, amma da kyarkeci ya haɗiye agwagwa ai ban nemi tafinta ba. Sai na tuno kakata a tsakar gida, ga ta nan ga ta nanku, tana maƙe murya in ta zo kan Gizo, har sai da idona ya cika.

Mu da muke da kalangun da ke magana, da goge da algaita, me ya hana mu? A'a, sai a kira taro ƙarfe huɗu a fara bayan isha'i, janareto na ƙara, lasifika na kuka, sanƙira ya cinye rabin dare yana gaida manyan baƙi, masu liƙi su tare makaɗin ko ganinsa ba ka yi.

Su ma dai da nasu. Da kiɗa ya ratsa ni na ce "kai!" da ɗan ƙarfi, wani tsoho ya juyo ya zabga min harara kamar na taka masa sallaya.