Hitar sola a Sakkwato: hunturu da bazara sun wuce a kanta, ga abin da na gani

Wanda bai taɓa kwana a Sakkwato cikin watan Janairu ba, zai yi mamakin jin cewa akwai mai kashe kuɗi don ruwan zafi a garin nan. An san mu da rana, kuma ba ƙarya aka yi ba: daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ruwan tankin roba ma sai an bar shi ya huce kafin a watsa a jiki. Amma daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu zance ya sauya. Iskar hunturu takan taso daga hamada da ƙura da bushewa, leɓe ya tsage, kaushi ya fito, ruwan da ya kwana a tanki ya zama ba ya taɓuwa da asuba. A wannan lokaci kowane gida na dafa ruwa, kuma a yawancin gidaje mace ce ke tashi tun kafin kiran assalatu ta hura wuta.

Gidanmu a Mabera yake, kuma muna da yawa: ni da Malam, da Inna mahaifiyarsa wadda shekaru suka ja, da yara 'yan makaranta. A da hanya uku muke bi. Itace a murhun tsakar gida, wanda kuɗinsa ya tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, domin mota ce ke kawo shi daga nesa. Gas, wanda nake jin zafin ƙona shi a kan ruwan wanka alhali ga girki na jira. Sai hitar nan da ake tsomawa a bokiti, wadda ban taɓa samun natsuwa da ita ba a gidan da yara ke kai da kawowa da jiƙaƙƙen hannu, ga shi sau da yawa lokacin da ake bukatarta babu wuta.

Daga baya muka koma ga hitar sola, mai dafa ruwa da zafin rana. Wadda muka saka ita ce mai kwalabe, mai cin lita 200. Dogayen kwalabe 20 ne a jere a kishingiɗe, bakin kowacce ya shige cikin wani tanki da ke kwance a samansu. Kowace kwalba gilashi biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, kamar dai cikin fulas ɗin shayi. Na cikin an shafe shi da baƙin sinadari mai shan hasken rana. Da ruwan cikin kwalba ya ɗau zafi sai ya yi sama ya shiga tanki, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka yake zagayawa har rana ta faɗi. Babu batir, babu inji, ba ta da wata alaƙa da faifan sola na lantarki, ko da yake mutane da yawa kan haɗa su. Tankin an naɗe shi da abin riƙe zafi mai kauri, shi ya sa ruwan da ya dahu da la'asar yake kaiwa asuba.

Wannan shi ne abin da na fi zura wa ido, domin ruwan zafi da azahar ba abin nema ba ne a Sakkwato. Kuma ta cika alkawari. A ranakun da gari ya waye tas, ruwan asuba yakan fito da zafin da dole a sirka. Ranar farko da aka kai wa Inna buta da ruwan alwala, ta tsoma yatsa ta dube ni ta ce, "Wa yad dahwa wanga ruwa? Ban ji ƙamshin hayaƙi ba." Na ce, "Inna, rana ce ta dafa tun jiya." Ta girgiza kai ta ce, "Ikon Allah. Allah shi yi muku albarka." Tun daga nan ba ta ƙara jinkirta sallar asuba don jiran ruwa ya yi ɗumi ba, kuma tarin da hayaƙin ɗanyen itace ke tayar mini kowace shekara ya yi sauƙi ƙwarai.

Da yake kimiyya nake koyarwa, na zauna na yi lissafin abin. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta ƙara digiri ɗaya, tana bukatar kusan wat-awa 1.16. Ke nan ɗaga lita 200 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit 9 da 'yan kai na wutar mita. A watan Afrilu na 2024 aka mayar da yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga baya aka ɗan rage. A farashin 2024, mai wannan rukuni, cika tanki guda da ruwan zafi zai ci masa kusan naira 2,000 a rana. Yawancinmu ba a wannan rukuni muke ba, amma mu ma muna biya ta wata hanya, ta itace da gawayi da gas. Ruwa mai digiri 60 kuma idan aka sirka shi rabi da rabi da mai digiri 20, yana ba da digiri 40, daidai wanka. A takarda tanki guda bokiti 20 ne masu lita 20. A zahiri bai kai haka ba, saboda duk abin da aka ɗiba ruwan sanyi na shiga ya cike gurbinsa, na ƙarshe a layi ya tarar da ruwa salam. Maganin da muka samo shi ne rufe famfon shigar ruwa bayan magariba, a buɗe da sassafe bayan kowa ya gama, kafin rana ta yi ƙarfi.

Inda ta nuna amfaninta sosai shi ne lokacin da 'yata ta fari ta dawo gida wanka. Duk wadda ta taɓa kula da mai jego ta san abin da kwana 40 na wankan safe da yamma ke ci na itace, da yadda garwa ba ta sauka daga murhu. Wannan karon daga famfo muke tara, a jiƙa ganyen darbejiya a ciki, a gama cikin natsuwa. Wani alherin da ban yi tsammani ba: na samu ikon daidaita zafin. Likitoci sun daɗe suna jan kunne a kan tafasasshen ruwan jego da yawan kunun kanwa saboda ciwon zuciya da ƙuna, amma idan garwa na tafarfasa a gaban tsofaffi, da wuya ka hana a zuba. Da ruwan ya zama na famfo, sai gardamar ta mutu da kanta.

To, sai inda take da rauni, kuma a nan nake so mai niyyar saye ya tsaya ya karanta da kyau.

Ranakun da hazo ya rufe gari, har rana ta zama farin faifai da ido ke iya kallo, ruwan ba ya wuce ɗumi. Idan hazon ya jera kwanaki, sai an taimaka. Tamu tana da hitar lantarki a cikin tanki don irin wannan rana, amma sai da wuta take aiki, don haka ban rushe murhuna ba. Abin da ke da ciwo shi ne ranakun hazo su ne ranakun da aka fi jin sanyi. Ƙura kuma takan kwanta a kan kwalabe ta rage musu ƙarfi. Yaro yakan hau ya goge su da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe, kuma a ranar ake ganin bambanci.

Babbar magana ita ce ruwa. Wannan hita ba ta jan ruwa da kanta, sai an sauko mata da shi daga tankin da ya fi ta tsawo, ita kuma dole ta fi famfon banɗaki tsawo. Gidan da ba shi da rijiyar burtsatse ko tsayayyen ruwan famfo, wanda ya dogara da 'yan ga-ruwa da jarkoki, zai sha wahalar ciyar da ita. Kuma barin ta babu ruwa haɗari ne: kwalbar da ta bushe a rana zafinta kan wuce digiri 200, da ruwan sanyi ya taɓa ta sai ta fashe nan take. Idan ruwa ya yanke tanki ya ƙafe, kada a kuskura a cika da rana tsaka, a bari sai dare ko asuba. Wata maƙwabciyarmu ta rasa kwalabe a haka, kuma a irin wannan hita kwalba ɗaya ta fashe duk ruwan tankin ke tsiyayewa. A nemi mai sayarwa ya ƙara kwalabe biyu ko uku na ajiya tun ranar ciniki, domin samun daidai girmansu daga baya sai an aika Kano ko Legas.

Ruwan rijiyarmu yana da nauyi, irin mai barin farin daskararren abu a gindin butar shayi. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ke da farar ƙasa har ake yin siminti da ita a Kalambaina. Abin da ke taruwa a buta shi ke taruwa a gindin kwalabe, don haka sai an riƙa zare su ana wankewa lokaci-lokaci. Akwai kuma wani sandan ƙarfe a cikin tanki da aka saka don tsatsa ta ci shi a maimakon tankin. Yana ƙarewa, ana sauya shi. Mai sayarwa bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A takardar cikin kwali na gani.

Aikin haɗawa ma sai da muka yi sau biyu. Wanda ya fara zuwa ya ja layin ruwan zafi da farin bututun roba na ruwan sanyi, bai daɗe ba ya yi laushi ya lanƙwashe yana ɗiga. Na biyun dattijo ne da ya san aikinsa. Ya kalli abin ya ce, "Malama, wanga bututu ba na zahi ba na. Kore za a sa, wanda aka liƙewa da wuta." Ya sauya shi duka, ya naɗe shi da soso don kada zafi ya tsere a hanya, ya kuma juya fuskar kwalaben ta kalli kudu. Dalilinsa daidai ne: Sakkwato na kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, a watannin sanyi rana ta kudu take karkata. Dattijon ne kuma ya hana a ɗora ta a kan rufin kwano. Lita 200 kilo 200 ce, ban da ruwan kwalabe da ƙarfe, ga guguwar farkon damina da ke yaye rufi a garin nan. Ƙafafun ƙarfe aka yi mata daban, aka binne su da kankare. Wannan ya ƙara kuɗi sosai a kan farashin hitar, wanda shi ma dala yake bi, don haka duk mai lissafi ya haɗa da ƙarfe da bututu da ladan aiki tun farko.

A bazara kuwa ƙarfinta yawa yake yi. A watan Afrilu na ji ruwan na tafasa a cikin tanki, tururi na fita ta bututun numfashi da ke sama. Wannan bututu kada a toshe shi ko da wasa. Mukan rufe rabin kwalaben da tamfol, sauran ruwan ya tafi wanke-wanken kwanukan maiƙo da wankin fararen kaya. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙu kaɗan, balle wanda ya tafasa. Famfon zafi na gidanmu a sama yake inda ƙaramin hannu ba ya kaiwa, kuma doka ce a fara zuba na sanyi a bokiti.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a nan. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1982 take aiki a kan hitar ruwa da murhun rana da na'urar busar da amfanin gona, kuma Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda ya shugabance ta, daga baya ya riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Tawa kuwa daga Sin aka kawo ta. Ina fatan ganin ranar da maƙeranmu da masu walda za su riƙa ƙera irin mai shimfiɗaɗɗen faranti, wadda ba ta da kwalbar fashewa, a sayar da ita da kuɗin da malamin firamare zai iya biya. Kowane ɗaurin itace da ba a ƙona ba bishiya ce da ta tsira a Gudu ko Tangaza, inda hamada ke matsowa.

Ga wanda yake gidan kansa, mai iyali da yawa, da tsoho ko mai jego, kuma yana da tanki a sama da ruwan da ba ya yankewa, na ce ya saka, ya kuma saka kafin Nuwamba don ya ci moriyar sanyin tun daga farkonsa. Mutum biyu ko uku lita 100 ta ishe su. Ɗan haya da mai sayen ruwa a kura, su dakata tukuna; kuɗin ya fi amfani a tanki da ƙafafunsa, hita ta biyo baya.