Kallon tashoshin gari a cikin motar gida a Amurka: eriya, faranti ko intanet?

A Amurka akwai mutane masu yawa da suka mayar da mota gidansu, wato irin doguwar motar nan mai ɗakin kwana da madafa da banɗaki, suna kwana a Arizona da hunturu su koma Montana da bazara. Duk wanda ya shiga wannan rayuwa yakan tarar cewa samun tashoshin fina-finai da na wasanni bai cika wahala ba, abin da ke ba da ciwon kai shi ne manyan tashoshin ƙasa, ABC da CBS da NBC da Fox da PBS, tare da labaran garin da ya yada zango a cikinsa. Dalili kuwa shi ne waɗannan tashoshi ba sa isa ga mai kallo kai tsaye daga New York, sai ta hannun gidajen talabijin na kowane yanki, kuma kamfanin Nielsen mai ƙididdigar masu kallo ya raba ƙasar zuwa yankuna 210, kowanne da nasa gidajen. Doka da yarjejeniyoyin kasuwanci sun ɗaure kowane mai kallo da yanki guda, alhali kuwa mai motar gida yakan ratsa yankuna uku a wuni ɗaya.

Saboda haka, kafin mutum ya fitar da ko dala ɗaya, ya kamata ya tambayi kansa wane gari yake nufi idan ya ce tashoshin gari: garin da ya baro, ko wanda ya kwana a cikinsa daren jiya? A ganina na biyun ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba, domin wanda ke kwance a cikin mota a filin Oklahoma ko Kansas a watan Mayu, lokacin guguwar nan mai tumɓuke gidaje, rayuwarsa na iya rataya a kan gargaɗin da gidan talabijin na wannan yanki zai bayar, kuma labaran garinsu na asali ba za su tsinana masa komai ba a wannan dare.

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma masu saye suka fi rainawa, ita ce eriyar da ke kan rufin motar. Tun daga 12 ga Yuni, 2009, manyan gidajen talabijin na Amurka suka koma watsa shiri na dijital, kuma hoton da eriya ke kamowa kyauta sau da yawa ya fi na farantin satalayit kyau, tunda ba a matse shi sosai ba. Tsohuwar eriya mai fikafikai ta kamfanin Winegard, wadda ake kira Sensar, ana ɗaga ta da hannu a juya ta wajen da tashar take, kuma har yanzu tana cikin masu kamo sigina daga nesa, musamman idan aka ƙara mata ɗan ƙarfen nan mai suna Wingman. Sababbin motoci kuwa galibi suna zuwa da eriya mai kama daga kowane ɓangare, wadda ba ta buƙatar juyi amma ba ta kai waccan nisan zango ba. Abubuwa biyu ne ke sa mutane su zaci eriyarsu ta lalace: mantawa da kunna ɗan maɓallin ƙarin ƙarfin sigina da ke jikin bango, da kuma rashin sake laluben tashoshi a talabijin duk lokacin da aka sauya wuri. Iyakar eriya dai a fili take. Idan mutum ya yi nisa da birni da mil 50 ko 60, ko tsauni ya shiga tsakaninsa da turken watsa shiri, to ba zai ga komai ba, kuma irin waɗannan wurare ne masu motar gida suka fi sha'awar sauka.

A nan ne farantin satalayit ke shigowa, kuma kamfanoni biyu ne kawai a fagen, DISH da DirecTV. Dukansu suna amfani da taurarin ɗan Adam da ke tsaye a saman tsakiyar duniya, a nisan kilomita 35,786, don haka dole farantin ya samu sararin kudu a buɗe, babu bishiya babu dutse. Tashoshin da kowa ke gani, kamar CNN da ESPN, ana baza su ne a kan ƙasar baki ɗaya, amma tashoshin gari ana harbo su ta siririn haske da ke sauka a kan yankinsu kaɗai, kamar yadda tocila ke haska da'ira ɗaya a ƙasa ta bar sauran wurin cikin duhu. Da zarar mota ta fita daga wannan da'ira, tashoshin garin da aka yi rajista da shi sai su ɗauke, ko da an biya kuɗin wata cif. Maganin abin shi ne a sanar da kamfanin sabon wurin da aka sauka, domin ya buɗe wa dikoda tashoshin wannan yanki.

A wannan fanni DISH ya yi wa abokin hamayyarsa fintinkau. Yana da tsari na musamman ga matafiya wanda ake biya wata-wata ba tare da kwantiragi ba, mutum ya kunna idan zai yi tafiya, ya dakatar idan ya ajiye motar, kuma ana iya sauya tashoshin gari ta manhajar MyDISH a waya. Tun shekarar 2010 yake kawo tashoshin gari a dukkan yankuna 210. Ƙaramar dikodarsa mai suna Wally tana aiki da farantai masu rufi irin su Tailgater da Playmaker, waɗanda ke neman tauraro da kansu cikin 'yan mintoci, kuma ana samun hoto mai kaifi ta cikinsu. Sai dai irin wannan faranti tauraro ɗaya yake kallo a lokaci guda, saboda haka idan akwai talabijin biyu a motar, maigida da uwargida ba za su iya kallon tashoshin da ke kan taurari daban-daban ba. Wanda zai daɗe a arewa maso gabashin ƙasar ya duba farantin Pathway X2, domin yana iya juyawa ga taurarin gabas ko na yamma.

DirecTV kuwa an gina shi ne domin gidan da ba ya motsi. Tashoshinsa masu hoto mai kaifi suna kan taurarin da ke digiri 99 da 103, a wani zangon sigina da ƙananan farantai masu rufi ba sa iya kamawa. Wanda ya nace sai DirecTV, dole ya sayi babban buɗaɗɗen faranti irin Trav'ler da ake ɗaurawa a rufi, wanda ya ninka ƙananan tsada, ko kuma ya riƙa kafa faranti a kan ƙafafu uku yana saita shi da hannu a kowane zango. Ba na ganin hikimar wannan wahala sai ga wanda dama yake da DirecTV a gidansa kuma ba ya son rabuwa da shi.

Akwai wani tsohon tsari da har yanzu ake ambata, wanda ke bai wa masu motar gida da direbobin manyan motoci damar kallon tashoshin New York ko Los Angeles duk inda suke. Dokar da Majalisar Amurka ta yi a ƙarshen 2019 ta bar wannan dama, amma da sharaɗin kamfani ya riƙa kawo tashoshin gari a dukkan yankuna 210, kuma DirecTV bai cika sharaɗin ba kafin wa'adin 31 ga Mayu, 2020. Kada kowa ya sayi kayan aiki da dogaro ga wannan tsari.

Game da zaɓi tsakanin farantin rufi da na ɗauka-ka-ajiye, abin lura shi ne inuwa. Mai mota yana son ya faka ƙarƙashin bishiya saboda zafi, farantin rufi kuma ba ya aiki a nan, yayin da na hannu ake iya jan sa da wayar sigina mai tsawon ƙafa 25 zuwa 50 a kai shi fili, ko da yake sai an ɗaure shi da sarƙa saboda ɓarayi. Ruwan sama mai ƙarfi yana ɗauke siginar kowane faranti, ƙanana kuma sun fi saurin ɗaukewa, ma'ana a daidai lokacin da ake buƙatar rahoton yanayi. Wannan kaɗai ya isa hujjar kada a cire eriya don an sayi faranti, kuma a ajiye ƙaramar rediyon gargaɗin yanayi ta hukumar NOAA mai aiki da batir.

Hanya ta uku ita ce intanet. YouTube TV, tsarin kallon tashoshi ta intanet da ake biya wata-wata, yana nuna tashoshin garin da mutum yake ciki, amma yana buƙatar a shiga daga yankin gida, wato inda aka yi rajista, aƙalla sau ɗaya cikin wata uku, takwaransa Hulu kuma ya fi tsanani, domin ya ɗaure talabijin da intanet ɗin gida. Hoto mai kaifi yana iya cin gigabayit 3 a awa guda, wanda ke cinye datar waya cikin 'yan kwanaki. Starlink, mai kawo intanet daga taurarin ɗan Adam ta nasa faranti, wanda ya fara tsarin matafiya a watan Mayun 2022, ya magance matsalar rashin sabis a daji, amma intanet kawai yake sayarwa, kuɗin tashoshi daban ne, ga kuma jan wuta daga batir ga wanda ya sauka inda babu lantarki.

Wanda yawanci yake sauka kusa da birane, eriya mai kyau ta wadatar da shi. Wanda ke shiga lunguna yana kuma son talabijin kaɗai, ya haɗa eriya da DISH na wata-wata da farantin hannu. Wanda kuwa yake aiki ta kwamfuta daga cikin motar, kuma dama zai biya Starlink, ba shi da buƙatar faranti na biyu, sai dai ya tabbatar zai iya cika sharaɗin komawa yankin gida kafin ya yi rajista da YouTube TV.