Google Scholar ya iya ƙirga takarda, amma bai san hanyar gona ba

Shekara uku kenan ina fama da Google Scholar, injin Google na neman takardun bincike, tun da na shiga digiri na biyu a kimiyyar amfanin gona, to bari in faɗi abin da na gani, musamman wajen auna tasirin mai bincike, wato irin musun nan na wane ya fi wane.

Kyauta ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne don takwarorinsa Scopus da Web of Science sai jami'a ta biya kafin ka samu cikakken abin. A 2004 aka buɗe shi, shafukan masu bincike kuma suka zo a 2011. Ka rubuta sunan farfesa, in yana da shafi sai ga takardunsa sun jeru reras, kowacce da lamba a gefe mai nuna sau nawa aka ambace ta a wasu takardun, ka danna lambar ta kai ka wajen waɗanda suka ambata, daga nan ka yi ta bin zare har ka manta dare ya raba. Wajen neman abin karatu kam wallahi ban ga kamarsa ba.

Sai ma'aunin h da ke can saman dama, wanda wani masanin fiziks Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. In aka ce h ɗinka 20, kana da takardu 20 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Lissafi mai sauƙi, shi ya sa kowa ya rungume shi, kuma a nan ne ni da abin muka rabu.

Ɗauki Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ke Jami'ar Purdue a Amurka. Shi ya fitar da dawar Hageen Dura-1 a Sudan a 1983, irin aure mai jure fari, daga baya ya tasa ƙuduji a gaba. Duk wanda ya taɓa ganin gonar da ƙuduji ya kama ya san abin, furen nan ja-ja mai kyau kamar an yi ado, dawa kuwa ta tsugune ta yi rawaya, don tun kafin ya leƙo sama ya riga ya maƙale a saiwa yana tsotsa. Ejeta da abokin aikinsa Larry Butler suka bi diddigin sinadarin da saiwar dawa ke fitarwa wanda shi ke tada ƙwayar ƙudujin daga barci, suka zaɓo irin da ba ya fitar da shi sosai. A kan wannan aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2009. Eh yana da takardu da yawa kuma ana ambatonsu, amma manomin da ya shuka irin nan ya cika rumbu ai ba ya rubuta takarda balle ya ambaci wani, buhu nawa aka girbe, hekta nawa aka shuka, ko ɗaya ba za ka gani a shafin ba. Haka tan 18,000 na irin alkamar Meziko da Indiya ta sayo a 1966 daga aikin su Norman Borlaug, masanin noma ɗan Amurka, ina gurbin da za a sa wannan?

Kuma namu fannin ma akwai cuta a lissafin. Mai gwaji a fili sai ya jira damina, ya maimaita aƙalla shekara biyu a wurare daban daban kafin mujalla ta saurare shi, in fari ko tsuntsu ya shiga fulotin shikenan shekara ta tafi, shi kuwa wanda ya zauna ya tattara binciken wasu ya rubuta sharhi guda sai ka ga ambato na zubo masa kamar ruwa.

Sannan injin ba ya tankaɗe sosai, duk abin da ya yi kama da takardar ilimi a intanet kwasa yake. A 2010 wani Bafaranshe Cyril Labbé ya ƙirƙiri marubucin bogi mai suna Ike Antkare da takardun da kwamfuta ta harhaɗa suna ta ambaton juna, h ɗinsa ya kai 94, mutumin da bai taɓa wanzuwa ba fa!

Wajen neman abin karatu na ba shi tauraro huɗu da rabi, wajen auna masanin noma biyu ma da ƙyar. Ni yanzu in na duba shafin mutum sai in je in nemo jerin irin da aka yi wa rajista in ga ko da hannunsa a ciki. In za ka buɗe naka shafin kuma, ka shiga saiti ka zaɓi ya riƙa tambayarka ta imel kafin ya ƙara takarda, in ba haka ba aikin takwaranka na iya faɗowa cikin naka.